Wasan Bayan Labule da Takin Manoman Rani

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Kura da Bunkure da suka san ni sun riga sun san labarin, wanda bai san ni ba kuma sunan ba zai ƙara masa komai ba. Samari masu tasowa nake so su karanta wannan, musamman masu ilmin na'ura, domin ta nan na shiga.

Ni ɗan manomi ne. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, gonar babana kuwa tana can ƙarshen kanal, inda ruwa yake isowa bayan kowa ya sha. Da damina ya yi shinkafa, da rani ya yi tumatir. Na yi Islamiyya, na gama sakandare, ban samu na wuce gaba ba. Har na haura shekara ashirin ban taɓa ɗaukar kayan wani ba, ban san ɗanɗanon taba ba, salla ba ta wuce ni. In akwai abin da za a zarge ni da shi, to shi ne ƙyamar laka. Ina ganin wanda ya iya Turanci bai kamata a gan shi tsamo-tsamo cikin kwamin shinkafa ba.

A farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar salula ta fara shigowa, Yaya Nasiru, ɗan wan babana, ya buɗe kafen intanet a Kura, kusa da tasha. Ya sayo tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo, ya kafa farantin kama intanet a kan rufi, ya ajiye janareto a bayan shago. Shi yana da wani shagon a cikin Kano, saboda haka ya damƙa mini wannan. Ranar da ya miƙo mini makulli ya ce ya zaɓe ni ne don ni ɗan gida ne, ba sai ya riƙa waiwaye ba. Daga nan sai ƙarshen mako yake leƙowa.

Aikin ba wuya. In sayar da tikiti, in buɗe wa mutum imel, in buga wa ɗalibai takardu, in duba wa wasu sakamakon jarrabawa. Da rana tsaka, in mutane sun tafi gona ko wajen injin casar shinkafa, shagon yakan zama wayam. A irin wannan zaman banza ne na ci karo da wasan farko. Wani direban babbar mota da ya zo lodin tumatir ya tashi bai rufe shafinsa ba. Na zo in kashe, sai na ga wasan karta ne, kai da wata mace da aka zana. In ka ci, sai ta rage wani abu daga suturarta. Na yi dariya, na ce a raina ai wannan zane ne kawai, ba mutum ba. Na zauna in gwada hannu ɗaya. Ban tashi ba sai da aka kira la'asar.

Ya kamata in yi muku bayanin yadda abin yake a lokacin, don ku yanzu ba ku san intanet mai tafiyar hawainiya ba. Bidiyo ba ya buɗuwa a wajenmu, sai ka ƙare tikitinka kana kallon layi yana rarrafe. Amma waɗannan wasanni ƙanana ne, ba su da nauyi, kuma a cikin shafin suke buɗewa, ba sai ka sauke komai ka girka ba. Kana rufe shafi shi ke nan, kamar ba a yi ba. Abin da ya sa suka bazu ke nan a wurare irin namu.

A gabana suka yi ta canza kama. Na farkon karta ne da wasan haɗa gutsattsarin hoto. Daga baya aka fito da na canza wa 'yar tsana tufafi. Sai ga wasu masu labari, zanensu irin na mutanen gabas mai nisa, inda za ka zama wani saurayi a wani gari, ka nemi aiki, ka sayi kyauta, ka zaɓi maganar da za ka faɗa, kullum ana ƙara maka maki. Waɗannan su ne mafi sharri, domin batsar tana can ƙarshe, kai kuwa ka riga ka zuba kwanaki kana hawa, ba ka iya bari. Can gaba kuma masu yin su suka gane akwai samu a ciki. Sai su bar maka farkon kyauta, in ka kai daidai inda ranka ya rataya, su rufe ƙofa, su ce sai da katin banki. Mu a Kura wa yake da katin banki irin wannan a lokacin?

Ni dai na gano cewa duk wasan da aka buɗe yana barin kwafinsa a wani lungu cikin kwamfuta. Na riƙa tsamo su ina tarawa, har ya zama ko intanet ta ɗauke suna aiki. Na ɗauki kwamfuta ɗaya na kai ƙuryar shago, na sa labule, na gaya wa Yaya Nasiru ta masu aikin sirri ce, irin 'yan kasuwa masu aika saƙon ciniki. Ya yaba da dabarata. Tikitin bayan labule ya fi na fili tsada, kuma bambancin aljihuna yake shiga. Wannan ce satata ta farko, amma ban kira ta sata ba. Na kira ta ladan basira.

'Yan makaranta ba na barin su kusa da wurin. Kada ku ɗauka tsoron Allah ne, tsoron bakinsu nake yi. Manya nake so, masu abin da za su rasa, don su ba sa magana.

A cikinsu akwai Malam Hadi. Shi ne ma'ajin ƙungiyar manoman rani ta ɓangarenmu, makullin siton taki yana hannunsa. Magidanci ne mai kimanin shekara arba'in, mai sanyin murya, wanda in liman bai zo ba shi ake turawa gaba. Yakan zo in buga masa takardun ƙungiya. Wata rana yana jiran firinta, sai wata 'yar taga ta tallan batsa ta faɗo a allon da ke gabansa. Ina kallonsa ta gefen ido. Ya kai hannu zai rufe, sai ya dakata. Dakatawar ba ta fi ta numfashi biyu ba, amma na gani. Da zai tafi na ce masa, cikin ladabi, in yana son ya koyi kwamfuta ba tare da yara suna leƙa shi ba, akwai wuri a ciki. Ya ce zai duba. Bayan 'yan kwanaki ya dawo.

Ni na nuna masa yadda ake riƙe linzamin kwamfuta. Ni na buɗe masa wasan mai labari, na fita na ja labule. Ya zama yana zuwa tsakanin azahar da la'asar, ya jingine babur ɗinsa a bayan shagon mai shayi don kada a gane. In ya fito ba ya haɗa ido da ni. Sau biyu yana cewa daga yau ya daina, in ce masa Allah ya taimaka, alhali na san inda ya tsaya a wasan, na kuma san zai dawo ya ga ƙarshe.

A lokacin raina ya riga ya buɗe. Ina son babur, ina son waya mai kyamara, ina son a ce da ni wane a majalisa. Abin da nake samu a bayan labule ya daina isa ta. Akwai wata 'yar ƙaramar kyamara a saman allon, wadda aka sa don masu hira da 'yan'uwansu na ƙasar waje. Na saita ta yadda za ta riƙa ɗaukar fuskar wanda ke zaune, tare da abin da yake kan allo. Da na fara, na gaya wa kaina wasa nake yi, ina gwada iyawata ne. Amma da na ga fuskar Malam Hadi a gefe, abin da yake kallo a ɗaya gefen, na san abin da zan yi da shi.

Na buga hoton a takarda. Da ya fito rannan na kira shi gefe na nuna masa. Bai yi faɗa ba. Ya nemi benci ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Can ya ɗago ya ce, "Me na yi maka, ɗana?"

Na ce bai yi mini komai ba, taimako kawai nake nema. Ya ce ba shi da wani abin kirki, albashin ƙungiya ba ya kai shi ko'ina. Na ce na sani, amma yana da makulli.

Haka takin manoma ya fara fita. Taki ne mai rangwame da ake kawo wa ƙungiya a raba wa mambobi a farkon noman rani. Malam Hadi ya ware buhuna, wani mai a-kori-kura da na sani ya kwasa, ni kuma in sayar wa wani dillali a kasuwa. Na yi masa alkawari sau ɗaya ne, in ya yi zan yaga takardar. Na yaga ta a gabansa kuwa. Bai san cewa hoton yana cikin kwamfuta ba, ana iya buga dubunsa. Na koma masa na biyu, na koma na uku. Duk zuwan da zan yi sai in tarar ya ƙara ramewa. Ya daina zuwa kafe, ya daina shiga sahun gaba.

Da ranar rabo ta zo taki bai kai ba. Malam Hadi ya gaya wa mutane haka aka kawo shi daga sama, kuma da yake ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, aka yarda. Aka fara rabo daga bakin kanal, kafin a iso ƙarshe ya ƙare. Babana yana cikin waɗanda suka dawo hannu biyu. Ban yi wannan lissafin ba tun farko, amma ba zan ce muku da na sani na daina ba. Na sani, kuma na ci gaba.

Takin kasuwa ya fi ƙarfin baba. Ya zuba na gargajiya iya abin da ya samu, bai wadatar ba. Tumatir ya fito siriri, ganyen ya yi ɗorawa, 'ya'yan ƙanana, goruba ma ta fi su. Maƙwabtanmu na ƙarshen kanal duk haka. Akwai Malam Audu, wanda ya sayar da tumakin matarsa ya kama hayar gona a shekarar, ya tashi ba ko kwando goma na kirki. Wata rana muna cin tuwo a zaure, baba ya ce shi bai yarda daga sama aka rage ba, wani ne ya ci a hanya. Ya ajiye lomarsa ya ce duk wanda ya ci haƙƙin nan, Allah ya isa tsakaninsa da shi. Ƙannena suka ce amin. Ni ma na ce amin, sabon babur ɗina yana jingine a ƙofar zauren, wanda na ce musu Yaya Nasiru ne ya saya mini.

Da rani ya zagayo na sake zuwa wajen Malam Hadi. Na same shi a bakin sito shi kaɗai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in je, zai ba ni amsa ranar taron ƙungiya. Na ɗauka ya saduda ne kamar kullum.

Abin da ya faru a taron, daga baya aka ba ni labari. Bayan an buɗe da addu'a, Malam Hadi ya miƙe ya nemi izinin magana. Ya ajiye makullin sito a gaban shugaba. Ya faɗi komai da bakinsa, tun daga labule har buhun ƙarshe, bai rage wa kansa ko kaɗan ba. Ya ce ya riga ya gaya wa matarsa da yayansa kafin ya fito. Aka tambaye shi wane ne yaron. Ya dubi inda babana yake zaune, ya ce a gafarce shi, sannan ya faɗi sunana.

Ina shago ina sayar da tikiti na ga baba a ƙofa. Bai taɓa taka kafen ba sai ran nan. Ƙafafunsa duk busasshiyar laka. Ya dubi kwamfutocin, ya dubi labulen, ya dube ni.

"Kai ne?"

Na buɗe baki in yi ƙarya, ta ƙi fitowa.

Ya ce, "Kuma ka ce amin."

Ya juya ya tafi. Kafin la'asar 'yan sanda suka zo. Suka kwashe kwamfutocin duka, suka rufe shagon. A cikin ta bayan labule aka samu hoton Malam Hadi, da na wasu mutum biyu da nake ajiye da su don gaba. Yaya Nasiru ya kwana biyu a tsare kafin a gane ba ruwansa. Jarinsa ya tafi ke nan, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Kotu ta same ni da laifin tsoratarwa don karɓar dukiya, da karɓar kayan sata, da yaɗa batsa. Aka yanke mini ɗauri na shekaru. Malam Hadi shi ma bai tsira ba. An sauke shi, ya sayar da gonarsa ya biya ƙungiya, alƙali ya sassauta masa saboda shi ya kai kansa. Bayan haka zaman garin ya gagare shi, ya kwashe iyalinsa ya koma Kumbotso.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Cunkoso, ƙaiƙayi, gabza, da ranaku masu kama da juna. A watannin farko ba nadama nake yi ba, haushi nake ji. Ina ganin Malam Hadi ne ya tona mini asiri, ina ganin ai ba ni na ƙirƙiro wasannin ba, wasu ne a wata duniya suka zana, ni na buɗe ƙofa kawai. Wani dattijo da muke ɗaki ɗaya, wanda rikicin gona ya kawo shi, shi ya gaji da jin wannan magana. Ya tambaye ni ko waɗanda suka zana wasan sun san Malam Hadi. Na ce a'a. Ya tambaye ni wa ya ga dakatawar hannunsa. Na ce ni ne. Ya ce da na ga mutum yana tangaɗi a bakin rijiya, ina da zaɓi biyu, kuma na san wanda na ɗauka. Daga ranar na fara salla irin wadda mutum yake sanin abin da yake faɗa.

Baba bai taɓa zuwa duba ni ba. Inna ce take zuwa, da ƙuli-ƙuli da garin kwaki a leda. A wani zuwan ta shigo da jajayen idanu, na gane tun kafin ta yi magana. Baba ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ta ce kafin ya cika ya tara ƙannena, ya ce su shaida ya janye Allah ya isan da ya yi, a kan nasa haƙƙin. Na sauran mutane kuwa, ya ce ba shi da iko a kai. Ban samu na yi masa salla ba. Ban ɗauki makararsa ba.

Da aka sake ni na tarar duniya ta canza. Kafe-kafe sun fara mutuwa, intanet ta koma cikin waya. Shagonmu ya zama wurin sayar da maganin feshi. Daga baya ma na ji an ce manhajar da waɗancan wasanni suke tafiya a kanta an daina amfani da ita, yawancinsu sun ɓace, ko ka nema ba za su buɗe ba. Abin ya daɗe yana damuna. Abin da na rushe gidaje a kansa ko wanzuwa bai yi ba.

Na nemi Malam Hadi har na same shi a Kumbotso, yana sayar da hatsi a wata 'yar rumfa. Ya yi furfura. Na durƙusa a gabansa. Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce ya daɗe da yafe mini, domin shi ma da ƙafarsa ya shiga bayan labulen. Ya ce shekarar da na riƙe shi ita ce mafi muni a rayuwarsa, amma ranar da ya faɗa da bakinsa ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ni da kai mun yafe wa juna. Amma mutanen ƙarshen kanal fa, ba ni zan yafe maka su ba, ba kai za ka yafe mini su ba. Ni na bi su gida-gida. Kai ma ka bi."

Na bi. Yanzu gyaran injin ban-ruwa nake yi, da shi nake ci da iyalina, kuma duk wanda abin ya shafa ba na karɓar ladan gyara a hannunsa. Wasu sun yafe tun kafin in rufe baki. Wasu sun zage ni sannan suka yafe. Malam Audu kuwa ban same shi ba. Bayan asarar waccan shekara ya tafi kudu neman abin rufin asiri, ciwo ya kama shi a can, gawarsa ma ba a kawo ba. Matarsa ta saurare ni daga bayan ƙyaure, ta ce in tafi, ba ta shirya ba.

Ya ku samari, abin da nake da shi a bayan labule yanzu yana cikin aljihun kowannenku, ya fi nawa kyau, ya fi nawa sauri, ba kuma mai sayar muku da tikiti balle ku ji kunyarsa. Kada ku ce zane ne, kada ku ce wasa ne. An gina shi ne don ka dawo gobe, kuma wanda ya saba da ɓoye abu ɗaya, ɓoye na biyu ba ya yi masa wuya. In kun riga kun shiga, ku nemi babba mai amana ku faɗa masa da bakinku, tun kafin wani irina ya riga ku. In kuma Allah ya nuna muku raunin wani, a waya ko a kwamfuta, ku kau da kai, ku rufa masa asiri, ku ja shi baya in kuna iyawa. Ranar da kuka mai da asirin mutum abin ciniki, ba shi kaɗai zai biya ba. Mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su za su biya, kuma ba duka za ku samu a raye ba in kun dawo neman gafara.

Matar Malam Audu tana nan da ranta. Duk shekara in an gama girbin shinkafa nakan je ƙofar gidanta in yi sallama, ta amsa, ta ce ba ta shirya ba. Tana da gaskiya, ba kuma ni da ikon gaggauta ta. Bana ma in Allah ya kai mu zan je.